Awon Jan Tangaran

Daga Jingdezhen, zuwa ga yayana Deshun a Penang.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina roƙon kakanninmu su tsare lafiyarka a wancan ƙetaren teku. Mama tana nan lafiya, sai tarin da ta saba. Baba ne ba lafiya. Wata biyu ke nan da ya faɗi a bakin tanderu, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu.

Yaya, jan launin nan namu na tangaran ya ɓace mana. Sau uku ina shafa wa kwanukan tangaran ruwan ƙyalli in kai gashi. Na farko suka fito kore, na biyu kamar dafaffiyar hanta, na uku ruwan ya zarce ya manne da gindin kwanukan. Na san hayaƙi ke jawo ja daga garin jan ƙarfe, iska kuma ta mai da shi kore. Na san farar ƙasa ce ƙashin kwano, garin dutse tsokarsa. Shekara ashirin ina niƙa su har yatsuna suka kanannaɗe. Awon toka da jan ƙarfen da ake haɗa ruwan ƙyallin ne ban sani ba, domin duk ranar awo Baba yakan ce in fita in dafa shayi, wai 'ya mace kayan gidan wani ce, za ta tafi da sirrin. To ga ni ban tafi ko'ina ba, kai da aka koya wa kana can kana sayar da shinkafa! Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

Tsoho Fang mai tanderu ya ce bayan bikin cikar farin wata zai ba ni gurbi a tanderunsa sau ɗaya tak, in na sake ɓata masa itace in koma yin tukwanen tsuma kabeji. Jan da kakanmu ya aika har fadar sarki ke nan zai ƙare a hannuna.

Jiya Baba ya jawo hannuna ya ɗora kan ma'auni, yana ta motsa leɓe, hawaye na zuba. Lokacin da yake da baki ya ƙi faɗa mini, yanzu yana so babu hali. Ba na ce ka dawo ba. Ka rubuto mini awon toka da jan ƙarfe ka aiko a jirgin ruwa na farko, ka daina tsoron saɓa masa, shi da kansa ya ɗora hannuna a kan ma'aunin.

Ka gaida matarka Ailan da 'yarka Meiyu. Ita Meiyu kuma, in ranar awo ta zo, kada ka aike ta dafa shayi.

Ƙanwarka mai jira,
Suyin