Muryar Bunsuru Mai Tabarau

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da 'yar nan taki mai surutu. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma yi mini faɗa, kin ga kuwa ta warke.

Dalilin wasiƙar nan, muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba za a yi fenti, sai ga tsohuwar talabijin ɗinmu a ƙarƙashin teburin kekensa na ɗinki. Mai baƙi da farin nan, wadda abin murɗa tasharta ya karye muka koma murɗawa da filaya. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya gan ta, har ya fara lasar baki. Mama ta ce a tambaye ki tukuna, tunda ke ce kike zama gabanta kamar za ki shige ciki. In ba kya so, ranar Asabar za ta tafi.

Ki gaida mutanen gidan.

Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka ina hutun rana a asibiti, na yi ta dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta leƙo. A gaishe mini da Mama, a ce ta dinga shan maganinta.

Kada ka kuskura ka ba da talabijin ɗin nan. Ka tuna shirin bunsuru mai tabarau da ake yi kullum da yamma? Har gobe ina jin muryarsa, mai kauri, ga ɗan tari kafin ya yi magana. Waƙarsa nake yi wa 'yata in ta ƙi cin abinci: "Na ci takarda, na ci igiya, saura hular mai gida." Akwai ranar da ya ce ya san wata yarinya da ta ƙi wanka, na tashi a guje na ɗauki soso.

Watan jiya na samo shirin a waya, na zaunar da 'yata cikin ɗoki. Yaya, bunsurun ne, tabarau ɗin ne, amma da wani yare yake magana, muryarsa siririya kamar ta sauro, waƙar ma babu ita. Ko dai akwai wanda aka juya zuwa harshenmu? Ka taya ni tambaya.

Abin da ya fi damuna kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Rannan ta tambaye ni yadda muryar kakanta take, na rasa amsa. Shekarata shida ya rasu. Ina tuna hannunsa da tef ɗin awo a wuyansa, amma muryarsa ko kalma ɗaya babu a kaina. Kunya nake ji, a ce na riƙe muryar bunsuru na manta ta ubana.

Ka huta lafiya.

Autarku

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wa Mama wasiƙarki. Ta fara dariya, can kuma ta juya tana goge ido da bakin mayafi, ta ce yaji ne ya shige mata, alhali ba girki take yi ba.

Wallahi na zaci kin sani. Shekara talatin ina zaton kin sani.

Talabijin ɗin nan ba ta da murya, Auta. Tun kina goye sifikarta ta ƙone. Baba ya kai wa mai gyara sau biyu, mutumin ya ce sai dai a yi haƙuri da hoto. Don kada ki ce ƙarya nake, jiya na sake ɗaukar ta na kai shagon. Ɗansa ne a wurin yanzu. Ya buɗe bayanta, ya hure ƙura, ya ce wannan ai ta daɗe da yin shiru.

Ki tuna inda take zaune. Kan kabad, bayanta labule, bayan labulen kuma keken Baba. Madubin da masu ɗinki suke duba kansu in sun zo gwaji yana jikin bangon da ke fuskantar ta, to ta gefen labulen yake hango hoton a cikin madubin. Da an fara shirin sai ya tsayar da keken, ya ɗauki kofin ƙarfen nan nasa na shayi ya kara a baki don muryar ta yi kamar daga akwati take fitowa. Shi kansa bai san labarin ba, abin da ya gani yake ƙirƙira wa magana. Waƙar tasa ce. Tarin ma nasa ne. Batun wanka kuwa, Mama ce ta kai ƙararki ta bayan labule.

Ni na gane da wuri, ya ja mini kunne. Ya ce, "Bar ta, ranar da ta gane na rasa aikina." Sau nawa mai kaya yana zaune yana jiran wandonsa, Baba ya ɗaga masa hannu ya jira bunsuru ya gama.

Saboda haka ki daina cewa kin manta. Duk cikinmu ke kika fi riƙe shi. Ni ko baitin farko na waƙar ban iya kawowa ba sai da na gani a wasiƙarki.

Na sallami mai ƙarafa, ya tafi yana gunaguni. Mama na gaishe ki.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta sau uku, na yi kuka, amma irin wanda mutum yake tashi daga shi da sanyin rai.

Jiya da yamma na kunna wa 'yata shirin a waya, na kashe sautin, na koma bayan kujera da kofi. Na yi tarin, na yi waƙar. Ta gane ni nan take, 'ya'yan yanzu ba sa ruɗuwa kamar mu. Amma da na gama na ce mata, "Kin ji, haka muryar kakanki take." Ta ce in sake.

Muna nan tafe ƙarshen wata. Talabijin ɗin ta zauna inda take. Ka duba mini ko kofin yana nan.

Autarku