Famfon Bayan Katanga

Zuwa ga Autarmu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Inna na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko hanyar gida ce ta ɓace miki.

To uwar rahoto, ba zumunci kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Famfon nan da kamfaninku ya kafa mana, tun da ruwan rinin masana'antarku ya lalata rijiyoyin unguwa, ya fara kawo ruwa mai wari. Mai gyaran da ke zuwa canza matacin ruwan ya yi ɓatan dabo. Na je ƙofar masana'anta, maigadi ya ce in rubuto takarda. Na ce masa ai rubutu a gidanmu yake, ƙanwata ce ke rubuta littafin da kuke nuna wa duniya ku mutanen kirki ne. Ya yi dariya, na taya shi, amma wallahi raina a ɓace yake. Ciwon ciki ya sako Inna gaba, ba ta so in faɗa miki.

Ki taɓa mana manyanku. Ki huta lafiya.

Yayanki

Zuwa ga Yayana,

Wa'alaikumus salam. Na sami wasiƙarka. Allah ya ba Inna lafiya. Don Allah ku riƙa tafasa mata ruwan.

Bari in yi maka bayani yadda abin yake. A da, rahoton da muke fitarwa kan muhalli da jama'a na ganin dama ne. Wasu ƙungiyoyi ne suka tsara ma'auni, kamfani ya bi don a yaba masa. A cikinsa akwai shafi guda na ruwan maƙwabta, kuma saboda a sami abin rubutawa a shafin nan ake turo muku mai gyara. Yanzu an yi sabuwar doka, rahoto ya zama dole, kuma duk abin da kamfani ya rubuta za a iya kai shi kotu a kansa.

Aikin da aka ba ni shi ne in daidaita tsohon ma'auni da sabuwar doka. Na ja layi uku a kwamfuta: abin da duka biyun suka nema, abin da doka kaɗai ta nema, da abin da tsohon ma'auni kaɗai ya nema. Famfonku ya faɗa layi na uku. Lauyan kamfani ya ce duk abin da ke layin nan a share, kada mu jawo wa kanmu magana.

Ban haƙura ba tukuna. Akwai taro nan gaba, zan yi magana. Ka gaishe min da Inna da matarka.

Ƙanwarka

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta bayaninki har sau biyu, na kuma karanta wa maƙwabcinmu tela, shi ma kansa ya ɗaure. Wato da babu doka muna shan ruwa mai kyau, da aka yi dokar kare mu sai aka daina. Kai, ilimi da daɗi!

Ni dai abin da na gane, ke ce mai jan layin. To ki ɗauke famfon daga na uku ki mai da shi na farko mana, ko nauyi gare shi? In kina buƙatar mai kama miki, ga ni.

Wasa nake, amma abin ya wuce wasa. Jiya matar tela ta tare ni a bakin famfo, a gaban mutane ta ce, "Baban yara, ina 'yar'uwar taku mai ofis? Ko ita ruwan roba take sha?" Inna ce ta leƙo ta taga tana cewa, "Ku ƙyale min 'yata, muddin tana wurin nan ba za a bar mu da ƙishi ba." Ta rame, Auta. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ya zagaye ta sau biyu.

Muna jiran taron naku.

Yayanki

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri. Na rasa ta inda zan fara ne.

An yi taron. Na ce doka ta nemi a faɗi illar ruwan da kamfani ke zubarwa, don haka famfon na cikinta. Lauya ya yi murmushi ya ce, "Malama, tafkin da ruwan rinin ke taruwa ai ba namu ba ne yanzu, an sayar wa wani ɗan kwangila. Iyakarmu katanga." Manaja ya ce, "Kin ji ko? Mu ci gaba." Masu binciken da aka ɗauko daga waje sun duba rahoton, sun ce ya dace da doka ɗari bisa ɗari. Har tafi aka yi min, na shiga banɗaki na yi kuka.

Abu ɗaya suka bari daga tsohon rahoto: hoton Inna da aka ɗauka ranar buɗe famfo, tana dariya da bokiti a hannu. Shi ne a bangon sabon rahoton. Na ce a cire, aka ce doka ba ta yi magana kan hoto ba.

Yaya, ba ni da sauran dabara. Ka kawo min Inna ta zauna a wurina. Ga rahoton nan na haɗo maka, ka gani da idonka.

Ƙanwarka

Auta,

Saƙo ya iso. Inna ta ce ba inda za ta, wai in ta tafi mutane za su ce kin gaza.

Famfon ya tsaya cak, mun koma tsofaffin rijiyoyi. Ban karanta mata sauran wasiƙarki ba, hoton kawai ta gani. Ta sa na yanke shi na manna mata a jikin bango, daidai inda take kwance. Ta ce ki yi wa manyanku godiya da ba su manta da ita ba.

Ki zo da wuri.

Yayanki