Mutum Nawa Ne a Gidanka?

Yaya,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Inna, tana shan maganin kuwa?

Ni lafiya lau. Jiya na cike takardar harajin shekara, karo na farko tun zuwana ƙasar nan. A gurbin mutanen gida na rubuta tara. Ma'aikaciyar ofishin ta ɗago kai ta ce, "Duk a ɗaki ɗaya?" Ashe waɗanda muke kwana tare ake nufi. Na goge, na sa ɗaya. Muka yi dariya, amma a mota hawaye suka zubo min.

Kada Inna ta ji. Ki turo min hotonku gaba ɗaya, har da jaririn da ban gani ba. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki