Ƙaryar da na yi a gaban surukina ta hana a yi mini aikin ido

Zuwa ga Shugaban Sashen Ido na asibitin da ya karɓe ni a Sokodé,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ni ne tsohon nan na Zongon Dapaong da aka sauko da shi daga gadon aiki ba a taɓa idonsa ba, saboda jininsa ya hau. Ƙara na kawo, amma da kaina zan fara, don rabin laifin nawa ne.

A kasuwar shanu na tsufa ina dillanci. Da yanar ido ta rufe mini na dama, na hagu ma ya fara hazo, har sai na shafa bijimi da hannu kafin in faɗi kuɗinsa, sai mijin 'yata ta fari, ma'aikacin ofis mai jin Faransanci, ya sa aka rubuta sunana a wurinku. Gidansa na sauka a unguwar Didaouré, nan Sokodé. Ka san tsakanin mutum da surukinsa: gaisuwa ce, kowa idonsa a ƙasa.

Laifi na farko. Ranar aiki, ma'aikaciyar jinya ta yi mana tambayoyi a baranda, muna jere a benci, kowa na jin na kowa. Ba ta jin Hausa, sai aka ce surukina ya yi tafinta. Ta tambaya ko ina da hawan jini, wato tansiyo, ko ina shan magani, ko fitsari yana ba ni wahala. Bawan Allah yana fassarawa yana kallon takalminsa, ni kuma ina ta cewa lafiya lau. Ƙarya na yi. Na daɗe ina shan ƙwayar tansiyo a ɓoye, ko uwargida ba ta sani ba, kuma na baro ta a aljihun wata tsohuwar riga don kada a gan ni da ita a gidan 'yata. Kwana uku ban sha ba. Goro kuwa tun daga garin Bombouaka, a kan hanyar zuwa, nake taunarsa, wai don ƙarfin zuciya.

Na biyu. An gwada ni, aka ce jinin ya ɗan hau, gajiyar hanya ce. Muka yi zaman jira har rana ta take. Fitsari ya matse ni, amma wanda zan tambaya hanyar bayi surukin ne, sai na danne. Kuma ba wanda ya gaya mana a farke ake yin aikin. Na ɗauka barci za a sa ni, sai na ji an lulluɓe mini fuska da ƙyalle, ƙarafa na ƙara kusa da kunnena. Ni da nake kama ƙahon bijimi, sai ga ni na ƙanƙame gefen gado. Na'urar da ke matse dantsena ta kama kuka. Likita ya dakata, ya jira, ya sake gwadawa, ya ce ba zai taɓa ido a haka ba, don jini na iya zuba a ciki a yi asararsa gaba ɗaya. Gaskiyarsa.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Likitan ya tambaya ko akwai abin da na ɓoye, ta bakin surukina kuma. Na ce na'urarku ce ta lalace. Da ƙarfi na faɗa, a gaban baiwar Allahn da ta ɗaura mini ita. A ba ta haƙuri a madadina. Tsakanina da na'urar, ita ce mai gaskiya.

To amma, ranka ya daɗe, ku ma kun san irin mutanen da ke zuwa wurinku. A bencin nan akwai wata tsohuwa da ɗanta na fari yake yi mata tafinta. Na ji amsoshinta, irin nawa ne sak. Ban san yadda ta ƙare ba.

Don haka ina roƙon a riƙa yin tambayoyin nan a keɓe, ko bayan labule ne, da tafinta wanda ba dangi ba. A kuma faɗa wa mutum tun ranar rubuta suna cewa kada ya bar maganinsa, a farke za a yi, a nuna masa bayi ba sai ya tambaya ba.

Sannan a mayar da sunana cikin masu jira. Na koma shan ƙwayata, yanzu uwargida ce ke ajiye ta, tana miƙo mini da ɗan faɗa a kai. Likitan Dapaong yana gwada ni yana rubutawa a karne, ɗan littafin asibiti, zan zo da shi. Idon hagu yana tafiya, da ƙyar nake bin layin takardar nan.

Buɗaɗɗiyar wasiƙa ce wannan, surukina zai karanta ta kamar kowa. Ban san yadda za mu gaisa bayan haka ba, amma ina so ranar in iya ganin fuskarsa, ko da daga baya zan sunkuyar da kai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a hannun likitocinka, ya ba ku haƙuri da tsofaffi irina.

Wassalam.

Malam Idi Dillali,
Zongon Dapaong.