Zuwa ga Yaya Sani, game da faifan waƙar Inna

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka kabarinka, ƙanwarka ce Rabi, daga gida Dogon Dutsi. Labarin faifanka nake so in ba ka.

Ka tuna hutun da ka raka Inna garin Matankari, ka naɗi muryarta tana waƙar niƙa, ka dawo ka ɗora a faifan sede, wato CD? Bayan sallar layya ta ce tana son ji. Idonta ya yi rauni yanzu, Yaya, hotunanka ba ta gane su.

Na samu faifan cikin akwatinka. Na kunna tsohuwar kwamfutarka da ke ɗaki, na saka. Ya yi ta juyawa yana gurnani, daga baya allon ya ce babu komai ciki.

Sai na bi abin da ka koya min lokacin da nake taya ka buga jarrabawar ɗalibanka. Kakan ce, "Rabi, faifai daga tsakiya ake goge shi zuwa baki, ba a kewayawa." Na goge da ƙyalle mai laushi. Na share idon na'urar da auduga. Na gwada wani faifan kanti, ya karantu nan take. Naka ya ƙi.

Na hau kabu-kabu na kai wa Madam Hadiza, wadda kuka koyar tare a makarantar lise. Na'urarta ta fi taka sabunta, ita ta buɗe shi. Ta ce waƙar tana nan lafiya, sai dai ba ka rufe faifan ba, ka bar wuri don ka ƙara wani abu, kuma tsofaffin na'urori ba sa gane faifan da ba a rufe ba.

Muka kwashe abin da ke ciki. Ta ɗauko sabon faifai, irin wanda ake rubutawa sau ɗaya, don kwamfutarka ba ta jituwa da mai goguwa. Ta zaɓi gudun rubutu mafi ƙanƙanta, ta ɗora, ta rufe. Nan ma na tuna faɗan da kake min idan na yi gaggawa: "Tsohuwar na'ura a hankali ake rubuta mata." Naka kuwa na hana a taɓa, na maido shi yadda ka bar shi.

Ta sa min kwafi a waya, amma Inna ta ce ita a ɗakinka za ta ji.

Da la'asar na shimfiɗa mata tabarma a can. Faifan ya juya, ya tsaya, ya kama. Na manta cewa muryarka ce a farko. Ka yi gyaran murya, ka ce, "Inna, ina wuni? Kin shirya?"

Ta ɗago kai ta ce, "Lafiya lau, Sani."

Da waƙarta ta soma, ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Wannan na san ta. Maida baya."

Na yi ta maidawa har aka kira magariba.

Allah ya jiƙanka, Yayana, ya yafe maka, ya sa ka huta. Ya ba Inna haƙuri, ya haɗa mu a Aljanna.

Taka ƙanwa,
Rabi