Inna, Likitar Ummi Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaiki Inna, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. 'Yarki Hadiza ce daga Gyadi-Gyadi. Kin tafi ban iya riƙe biro ba. Yanzu ina zuwa makarantar matan aure ta unguwarmu, kuma ke na fi son in ba wa wannan labari.

Takwararki, 'yata Ummi, ta daɗe tana fama da ƙirji. Numfashinta yakan sarƙe, yana fita da ɗan fito-fito, ni kuwa in tsaya a kanta ina kallon haƙarƙarinta yana hawa yana sauka. Na yi zaryar kemis, na ba ta zuma da tafarnuwa, na karɓo tofi. Wani wurin ma kafin in gama zama an miƙo mini takardar magani.

Kin san tarbiyyar da kika ba mu. Kikan ce, "Ba a kai ƙarar Ubangiji wajen bayinSa. In an ce yaya jiki, ki ce da sauƙi." Haka kika yi ta amsawa lokacin da ƙafafunki suka kumbura, har ranar da kika daina amsawa.

To Inna, a wani ƙaramin asibiti a Tarauni na haɗu da wata likita, yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autarki ba. Ta tambaye ni jikin Ummi, na ce da sauƙi. Sai ta yi murmushi ta ce, "Maman Ummi, na karɓi ta gaisuwa, saura ta asibiti. In da sauƙi, me ya fito da ku cikin wannan uwar rana?" Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta ce in ba ta labarin wuninmu tun daga asuba. Kin san ni da zuba. Na shiga kasuwa, na fita biki, na faɗa mata yadda Ummi ke yin hutu a gidan goggonta a Daurawa ko tari babu, na faɗa mata yadda amare ke damuna da odar turaren wuta. Ba ta katse ni ba, ga layi a waje. Da na zo kan suyar farcen haɗa turare da itacensa a tsakar gida, Ummi tana juya mini kasko, sai likitar ta ce, "Ɗan koma baya. Ranar suya, yaya take wuni?"

Da bakina na ji amsar, Inna: ranar suya ce numfashin Ummi ke sarƙewa.

Ta auna ƙirjin yarinyar ta ce asma ce, hayaƙi ke tayar mata da ita. Ba ta yi mini faɗa ba. Sai ma ta tambayi wa ya koya mini sana'ar, na ce ke, ta ce Allah Ya jiƙanki. Sannan ta koya wa Ummi yadda ake shaƙar maganin, tana tsokanarta wai ta fi uwarta saurin ganewa.

Kaskonki yanzu yana gidan Yaya Binta a Unguwar Gano, can nake zuwa in yi aikin. Gidana kuwa ko garwashi ba na sa wa turare. Maƙwabta na yi mini tsiya wai mai turare ce gidanta ba ƙamshi. Ina kewarsa, don ƙamshinki ne, amma na haƙura.

Jiya Ummi ta faɗo gida daga Islamiyya tana haki. Na zabura na riƙo kafaɗunta. Ashe tsere suka yi da ƙawayenta, kuma ita ta ci.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ita kuma wannan baiwar Allah, Ya saka mata da alheri, Ya ba ta mai sauraronta ranar da ita ma za ta buƙata.

Taki har abada,
Hadiza, Maman Ummi