Ƙarfen da na kwance a motar da Baba ya ba Yayana

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana, 'yan group don Allah ku ba ni shawara, ko da zagi ne ku haɗa da shi, na cancanta.

Ni makanike ne a wani ƙauye kusa da Suki, da 'yar warshata, wato garejina, a bakin hanya. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san idan ruwa ya sauka baƙar lakar nan ba ta barin mota ta wuce, sai tarakta ko jaki. A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar boksi, motar a-kori-kura, ta Babanmu, ta fi shekara goma a yashe, kaji ke ƙwai a cikinta. Ita na ɗauka na tayar. Shekara biyu ina kanta, na sa mata injin dizal, na ƙara sifirin ta ɗaga sama, na sa manyan tayoyi, na ja bututun shan iska har saman gilashi saboda ruwa, na gyara dabal ɗinta yadda idan ka ja ƙaramar giyar ƙafa huɗun duk za su ja. Duk tsawon lokacin nan Yayana, wanda ke kasuwanci a Sinnar, in ya zo gida sai ya tsaya da farar jallabiyarsa yana tambayata yaushe akurkin kajin zai tashi, mutane na dariya.

Ranar da na yi mata fenti ta fito, sai ga Yaya ya canza baki. Ya samu Baba ya ce masa motar gida ce, kuma babba ne ke riƙe abin gida. Bayan sallar Juma'a, a gaban mutane, Baba ya miƙo hannu ya ce in kawo makulli. Na fara magana ya ce ƙarfen wa na tarar a bayan gida? Yaya kuwa ya dafa kafaɗata ya ce in ta lalace ai ga usta, wato makanike, a gida, kyauta.

Na ce su ba ni yini ɗaya in canza mata mai. Na shiga ƙarƙashinta da rana tsaka na kwance kardan na gaba, dogon ƙarfen da ke kai wa ƙafafun gaba ƙarfi, noti takwas ne kawai. Na naɗe shi a buhu na tura cikin rumbun dawa. A rani ba mai ganewa, mota za ta yi ta tafiya lafiya da ƙafafun baya. Niyyata damina ta zo ya kafe a laka da farar rigarsa, gari ya yi masa dariyar da ya sa aka yi min. Wata huɗu ina jira, kuma ba zan ɓoye muku ba, da daɗi nake jiran.

Ranar da nake jira ta same ni a garin Abu Na'ama ina gyaran famfon ban ruwa. Da hantsi Yaya ya kira ni, ya ce ya kafe a kwarin da ke kafin babbar hanya, ya ja dabal amma gaba ba ta ja. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa babba ne ke riƙe abin gida, ya riƙe, na kashe wayar gaba ɗaya na ci gaba da aikina ina fito. Ban san Baba na kwance a bayan motar ba. Yana da ciwon sukari, ƙaya ta soke shi a gona, ƙafar ta kumbura ta fara baƙi, asibitin Sinnar Yaya zai kai shi. Ruwa ya ƙara sauka, kwarin ya cika, ba a samu taraktar da ta ja su ba sai washegari. Da suka isa likita ya ce an makara, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Motar ta nutse har ciki, laka ta rufe komai, ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Ni aka kawo wa ita in wanke. Na mayar da kardan ɗin, kuma a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni, don wannan karon na san komai. Na ɗebi mutane na bi ta kwarin nan, laka na nan yadda take, motar ta haye ko tari ba ta yi ba. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Yaya bai iya tuƙi ba, girman kai ne ya cinye ƙafar ubansa. Yara har waƙa suka yi masa. Baba ya dawo gida ya mayar min da makulli da hannunsa, ya daina amsa gaisuwar Yaya, in ya shigo ɗaki sai ya juya fuska bango.

Makon jiya Yaya ya zo warsha, ya rame, ba farar riga. Ya tsuguna gefena ya ce, “Ya usta, don Allah gwada mani inda na yi kuskure, in san abin da ni yi ma Baba.” Na buɗe masa ƙofa, na nuna masa giyar, na ƙirƙiro ƙarya na ce bai tura ta har ƙarshe ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa, ya yi min godiya ya tafi.

Yanzu duk ranar Litinin ni ke kai Baba Sinnar wankin ciwo. Yana zama a gaba, dungulmin a kan matashi, kuma duk sanda muka haye kwarin sai ya dafa gwiwata ya ce, “Da kai ka ɗauke ni ran nan, da ina da ƙahwata. Allah shi yi ma albarka.” Ni kuma in ce amin.

In na faɗi gaskiya, tsohon da ya rasa ƙafa zai san wanda yake sa wa albarka ne ya yanke ta, ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. In na yi shiru, Yaya zai mutu yana zaton shi ne. Wa zan fara faɗa wa, Baba ko Yaya, ko in bar shi tsakanina da Allah? Ku taimaka ku amsa da wuri, jibi Litinin ce.